Kafin Ku Bi Ayarin Bakin Teku: Kuɗin Hannu da Kayan Sawa

Mu nan Bahri alhamdu lillahi, ana ta gyaran ƙofofi da share shaguna, wanda ya dawo yana cigiyar wanda bai dawo ba.

Maganar wannan makon wani zai ce ba lokacinta ba ne. Tun da zafi ya kama, tambaya iri ɗaya take ta zuwa mini a kan iyalanmu da yaƙi ya kai Alƙahira. An haɗa tafiyar ayari zuwa bakin teku, kwana uku ko biyar, Iskandariyya ko Marsa Maɗruh ko Gardaƙa, da mota da masauki da jagora, an faɗi kuɗin kujera. To nawa za a riƙe a hannu? Me kuma za a sa da daddare in an sauko cin abinci a otal? Galibin masu tambayar magidanta ne da suka dawo Bahri da Umdurman su tada kasuwa, suka bar mata da yara can saboda makaranta ko asibiti. Kuɗin daga nan zai tashi, daga shagon da jiya-jiya aka sa masa sabon kwaɗo.

Ni dai ban ga laifin tafiyar ba. Yaron da ya fita daga Shambat ko Halfaya a watan Afrilun 2023 yana jin ƙarar bindiga, ya ƙare a ɗaki biyu a unguwar Faisal, bene na shida, babu tsakar gida babu inuwar dalbejiya, in an ce za a kai shi ya ga ruwa na kwana uku, wannan ba almubazzaranci ba ne. Uwarsa ma da take ta fama da layin takardar zama tana da haƙƙin ta sha iska. Sharaɗina biyu ne kawai: kada kuɗin ya fito daga jari, kada kuma a ci bashi dominsa. In sharaɗin nan bai cika ba, a dakata sai baɗi. Teku ba ya ƙafewa.

Mu Hausawan Sudan ba baƙin ayari ba ne. Kakanninmu a ƙafa suka zo. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, har suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu sun yi shekaru suna aikin auduga a Jazira suna tara kuɗin jirgin Sawakin zuwa Jidda. Su teku a wurinsu mashigi ne, a haye a wuce. Ba su san a je a zauna a kujera ana kallonsa ba. Amma sun bar mana ilmi guda da har yau yake aiki: bafatake yana sanin abin da madugu ya ɗauke masa da abin da ya rage a wuyansa tun kafin a ɗaura wa jaki kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za ku tambayi madugu

Mai shirya irin wannan tafiya shi ne madugun zamani, kuma kuɗin hannunku ya dogara ne ga abin da ya sa a cikin kuɗin kujera. Saboda haka kafin ku tambaye ni nawa, ku tambaye shi me da me. Abinci sau nawa a rana? Yawanci karin kumallo ne da na dare, na rana yana kanku. Ruwan sha da shayi a teburin dare suna ciki, ko za a kawo takardarsu daban? Kuɗin shiga wuraren kallo fa? Yawon jirgin ruwa da aka sa hotonsa a talla, yana ciki ko sai an ƙara? Yaro yana da gadonsa ko da iyayensa zai kwana, kuma daga shekara nawa ake lissafa shi babba? Ku sa ya rubuto amsar a waya, kada ku tsaya ga “ai babu damuwa Hajiya”. Babu damuwa ba ta biyan kuɗin ruwan kwalba.

Ku tambayi kuma sunan kamfanin da motar da otal ɗin suke ƙarƙashinsa. A Masar ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi ce take ba kamfanonin tafiye-tafiye lasisi, jagora na gaskiya kuma yana da katin shaida. Yaron unguwa mai kirki da ya tara mutum arba'in a WhatsApp yana iya zama amintacce, amma in mota ta lalace a hanyar Maɗruh, wadda take kusan kilomita 290 yamma da Iskandariyya, kuna bukatar wanda za a kama da takarda.

Takardunku ma su zama a hannu. Tun watan Yunin 2023 Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, har mata da yara da dattawan da da can suke shiga ba tare da ita ba. Akwai shingen jami'an tsaro a manyan hanyoyi, otal kuma ba ya ba da ɗaki sai ya ga fasfo. Wanda takardar zamansa ta ƙare ya gyara ta tukuna. Mata da miji su riƙe ƙasima, wato takardar aure, domin otal-otal na Masar suna neman ta daga 'yan ƙasa da Larabawa kafin su haɗa namiji da mace a ɗaki ɗaya. Mai fasfon Sudan a wannan sahun yake, ko da Hausa yake yi da matarsa a gaban teburin karɓar baƙi.

Ƙulli huɗu

Ba zan ce muku ku riƙe kaza ba, domin duk adadin da na rubuta yau yana iya zama abin dariya kafin Babbar Salla. Ku tuna a watan Fabrairun 2021 aka wayi gari dala ta tashi daga fam 55 na Sudan zuwa 375 a hukumance, bayan yaƙi kuma ta haura 2,000 a kasuwa tuntuni. Masar ma a ranar 6 ga Maris 2024 famɗinta ya faɗi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a dala ɗaya cikin yini guda. Don haka in maƙwabciya ta ce ita da ta je a 2022 kaza ya ishe ta, a gode mata, amma kada a yi lissafi da bakinta. Abin da zan ba ku hanya ce, ku zuba farashin ranar a cikinta.

Ku raba kuɗin ƙulli huɗu, kowanne da ambulan ɗinsa.

Na farko kuɗin yini. Ku samu wanda ya dawo daga garin cikin watan nan ya faɗa muku kuɗin abincin rana na mutum ɗaya a gidan abinci matsakaici, da shayi biyu, da ruwan kwalba, da tasi zuwa da dawowa. Ku tara, ku ninka da yawan mutane, ku ninka da yawan kwanaki, sannan ku ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Wannan ƙarin ba na banza ba ne. A gidajen abinci masu kawo takarda, farashin da ke rubuce ba shi ne za ku biya ba: ana ƙara kashi 12 cikin ɗari na hidima, sannan a ɗora harajin kashi 14 cikin ɗari. Abincin fam 1,000 sai ya zama wajen 1,277. A gidan kifi kuma da awo ake sayarwa, ka zaɓa a auna a gasa. Ka tsaya a gaban sikeli ka ji kuɗin kilo da kuɗin gashi kafin kifin ya hau wuta, kamar yadda kake tsayawa in ana auna maka yadi.

Na biyu kuɗin tikiti da bakshish. A wuraren tarihi na gwamnati farashi biyu ne, na 'yan ƙasa daban, na baƙi daban, kuma tazarar ninki ce mai yawa. A da, lokacin da ake haɗa Larabawa da 'yan ƙasa a farashi ɗaya, gida ɗaya yakan rabu biyu: Alhaji mai fasfon Sudan ya shiga da araha, amaryarsa da ta zo daga Kano ko Maraɗi da fasfonta ta biya na baƙi. A lissafa wannan tun daga gida. Tun 2023 kuma manyan wuraren tarihi da yawa sun koma karɓar kuɗin baƙi da kati maimakon tsaba, sai a roƙi madugu ya yanki tikitin jama'a gaba ɗaya a ba shi kuɗin a hannu. Bakshish kuwa a Masar al'ada ce, ba roƙo ba ne: mai ɗaukar jaka, mai share ɗaki, mai tsaron bayan gida a zangon hanya, direba da yaronsa ranar rabuwa. Ku nemi canji ƙanana, biyar-biyar da goma-goma da ashirin-ashirin, tun a Alƙahira. Wanda ba shi da canji shi ne yake ba da ɗari a inda goma ta isa.

Na uku kuɗin tsaraba, zan dawo kansa.

Na huɗu shi ne wanda ba a taɓawa: abin da zai mayar da kowa gida in an rabu da ayari, da kwana ɗaya a otal, da ganin likita. Wannan ba ya zama a jaka ɗaya da sauran. Iyayenmu mata a lalita suke ɗaure irinsa a ƙugu, kuma har yau ban ga dabarar da ta fi wannan ba. In an dawo lafiya ba a buɗe shi ba, ya koma inda ya fito, ba ya zama kuɗin shagalin dawowa.

Ga masu tashi daga nan su tarar da iyali, ko ta Argin ko ta Ashkit da Ƙusɗul ko ta jirgi, ku sani dokar Masar ta ce wanda ya shigo da kuɗin waje da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan, fam na Masar kuma ba a shiga ko fita da fiye da 5,000. Dalar da za ku riƙe ta zama sabuwa mai tsabta, ɗari mai shuɗin zare da ta fito a 2013, domin tsohuwa da mai tabo suna jawo gardama. A canja a banki ko shagon canji mai lasisi, a karɓi rasit. Canjin bayan fage a Masar laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, baƙo mai takardar zama kuma shi ya fi kowa abin asara. Kada kuma a dogara da cewa Alhaji zai turo ta Bankak in kuɗi ya yanke. Turawa daga Bahri minti ɗaya ce in akwai intanet, amma mayar da ita fam na Masar a hannun mace da yara a garin da ba su san kowa ba, wannan wani aiki ne daban.

Saura abu ɗaya da ke cinye guzurin mutanenmu fiye da tsadar Masar, wato kunya. Mun tashi cikin mutanen da in an sha shayi kowa yana rantsuwa shi zai biya, har a riƙe wa juna hannu. Halin kirki ne, a gida. A ayarin mutum arba'in kuwa, wanda ya fi kowa kunya yana iya biyan shayin tebur uku a daren farko, ya kwana yana lissafi. Gidajen da suka saba da juna su yi karo-karo tun a mota, a damƙa wa mutum ɗaya ya riƙa biyan na tare. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda aka cuta. Kuɗin gida kuma a raba shi hannu biyu, uwargida da babban ɗa ko babbar 'ya, yara matasa a ba kowa ɗan abin kashewarsa na yini ya koyi tattali.

Kayan dare

Yanzu ga inda nake da bakin magana, don shekara talatin ke nan ina auna yadi, yawancinsu a kasuwar Sa'ad Gishra. Da son kasuwata zan bi, sai in ce kowa ya ɗinka sabo. Amma gaskiya ita ce mafi yawanku abin da ke cikin akwati ya isa.

Abin da ake nufi da kayan dare a irin waɗannan otal-otal ba kayan biki ba ne. Abin da suke gudu shi ne mutum ya taso daga ruwa da gajeren wando da silifa mai yashi ya zauna a teburin abinci. Suna son namiji da dogon wando da takalmi, mace da shiga ta kamala. Mu kuwa ko kasuwa za mu ai mun wuce haka. Matsalarmu ba ƙarancin shiga ba ce, yawanta ne. Na taɓa bin irin wannan ayari zuwa Iskandariyya kafin yaƙi, na ga wani bawan Allah ya sauko da babbar riga ta shadda, an buga ta tana ƙara. Kafin a kawo shayi raɓar teku ta kashe sitacin, rigar ta lanƙwashe ta manne masa a baya, hannunta kuma ya share miyar ɗahina daga tebur. Washegari kuɗin wanki da guga na otal, wanda ake lissafawa ɗaiɗai, ya kusa kuɗin abincin ranarsa.

Iskar can ba irin tamu ba ce. Zafin Hartum busasshe ne, ka wanke jallabiya da azahar ka sa ta da la'asar. Iskandariyya da Maɗruh suna bakin Bahar Rum, zafinsu bai kai namu ba amma iskar jiƙaƙƙiya ce, kaya ba sa bushewa da wuri, da dare kuma iska tana kaɗawa a bakin ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ruwan sama da guguwar da mutanen garin suke kira nawwa, mai zuwa a lokacin sai da rigar sanyi ta gaske. Gardaƙa tana bakin Bahar Maliya, ta fi bushewa, amma iskarta tana da ƙarfi.

Ga namiji, kwana biyar kaya biyu na dare sun isa. Kaftani mai sauƙin yadi, mai duhun launi, toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi, da wandonsa da hula. Ba ya nuna tabo, ba ya neman sitaci, in ka rataye shi a banɗaki tururin wanka ya sake shi. Da shi za ka ci abinci, da shi za ka yi sallar isha, da shi za ka taka a bakin ruwa. Farar jallabiya da rawani da shal a ajiye su don dare ɗaya, daren hoto ko ranar Juma'a. Markubu mai kyau a bar shi a gida: gishiri yana cin fata, santsin tayil mai ruwa kuma ba ya ragawa dattijo. Na fatar maciji ko damisa ma yana iya jawo tambaya a kwastan.

Akwai wata magana a kan jallabiya da ya kamata ku ji daga bakina kafin ku ji ta a bakin ƙofa. A Umdurman ita ce rigar girma, da ita ake ɗaurin aure, da ita ake zuwa gaban manya. A biranen Masar kuwa akwai masu kallon doguwar riga a matsayin kayan mutanen karkara, har wasu wuraren masu tsada sukan hana mai ita shiga. Ba ko'ina ba ne, amma yana faruwa. Saboda haka a tambayi madugu ƙarara tun kafin a biya: otal ɗin nan yana karɓar mai jallabiya da mai niƙabi a ɗakin abinci? Wurin wankansa yana barin mace ta shiga da rigar ruwa mai rufe jiki? In amsar a'a ce, ku nemi wani ayarin. Ban ga dalilin da dattijo zai sayi kwat da bai taɓa sawa ba don ya ci shinkafa a wurin da ba a son rigarsa. Kuɗinka ne, ka kai shi inda za a yi maka maraba. A bakin ruwan jama'a na Iskandariyya da Maɗruh matan Masar da kansu da kayansu suke shiga ruwa, ba mai kallon kowa.

Ga iyayenmu mata da ƙannenmu, Hajiya ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tobi, wanda 'yan gida suke kira lafaya, mita huɗu da rabi ne. A tsakar gida ado ne, a bakin teku da iska kuwa sai ya zama filafilan jirgi, hannu ɗaya yana riƙe da shi ɗaya yana riƙe da yaro. A ɗauki guda ɗaya marar nauyin ado don daren da za a zauna a ciki, da 'yan allurai na maƙalewa. Sauran darare doguwar riga ko abaya guda mai duhu, da mayafi biyu ko uku masu launi daban, sun ba ki shiga uku a wurin da leshi ɗaya zai cinye a akwati. Takalmi marar tsini, don za a yi tafiya. Humra a zuba kaɗan a ƙaramar kwalbar roba a ɗaure a leda, kada babbar ta fashe a cikin kaya. Kaskon turare kuwa kada a kunna shi a ɗakin otal. Akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, in ta yi kururuwa bene guda zai fito waje, wani wurin har da tara.

Zinariya ta zauna a gida. Wannan ba maganar ado ba ce. Mu duka mun san gidajen da awarwaron uwa ne ya biya musu kuɗin mota daga Hartum zuwa iyaka a 2023, lokacin da banki yake rufe kuma kujera ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Abin da ya fitar da gida daga wuta ba a kai shi bakin ruwa don mutum arba'in su gani. A ayarin da na bi akwai baiwar Allah da ta zo da nata duka, ta yi kwana huɗu a zaune rungume da jaka, ko ƙafarta ba ta sa a ruwa ba. Na kanti mai kyalli ya isa hoto, in ya faɗa teku a yi dariya.

Yara kuwa rigar sanyi mai sauƙi ɗaya, kaya masu bushewa da wuri, da takarda a aljihu mai sunan otal da lambar uwa. A ja musu kunne cewa wanda ya iya iyo a Nilu bai iya teku ba, igiyarsa tana ja ta ƙasa. In an kafa jar tuta ba a shiga.

Tsaraba da ƙaiƙayin ɗan kasuwa

Kowane ayari yana da zangon da ba ya cikin takarda. Mota za ta tsaya a ƙofar wani shagon turare ko alawa ko kayan tarihi, jagora ya ce nan ne mai kyau, nan ne mai araha. Ni ɗan kasuwa ne, ban ga aibin la'ada ba, kowa da inda yake ci. Amma ka san tana cikin farashin da za a faɗa maka. Ka sha shayin da aka ba ka, ka yi godiya, ka duba, ka riƙe kuɗinka. A Iskandariyya akwai Zanƙatus Sittat a unguwar Manshiyya, lungunan da matan gari suke sayen zare da mayafi da kayan kwalliya. Can ake ciniki irin wanda muka iya.

A rubuta sunayen masu tsaraba tun daga gida, a sa wa kowa iyaka, in ambulan ya ƙare an gama. Bana ba shekarar da za a yi wa unguwa guda tsaraba ba ce, kuma duk mai hankali ya san haka. Sai ƙaiƙayin da ni da ku muka sani: ka ga mayafi da araha, nan take kanka ya fara lissafin dozin nawa zai shiga Sa'ad Gishra ko kasuwar Libiya a Umdurman. In sari za ka yi, ka karɓi lambar mai shago ka dawo masa da kuɗin sari a tafiyar sari. Wanda ya haɗa guzurin iyali da jari a aljihu ɗaya ba ya sanin wanne ya ci wanne.

Abubuwan da suka fi daɗi a garin ma ba su da tsada. Tafiya a bakin ruwa bayan magariba kyauta ce. Ganuwar Ƙayitbai da aka fara ginawa a 1477, a inda tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa take, ana ganinta daga nesa ko ba a shiga ba. Babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 ya cancanci a kai 'yan makaranta. Masallacin Abul Abbas al-Mursi yana nan kusa da ruwa, a gefensa kuma akwai na Imam Busiri mai Burda, wadda da yawanmu muka tashi muna jin ana rera ta a zaure. Wanda ya isa can da kaftaninsa mai tsabta ya yi raka'a biyu, ya sa Bahri da Umdurman da Hartum a addu'a, da waɗanda har yau ba a san inda suke ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba maganar hayar shago ga wanda ya dawo ya tarar mai gida ya ninka kuɗi, da yadda ake sasantawa ba a kai ga kotu ba. Masu tafiya Allah ya kai lafiya ya dawo da ku lafiya, masu tsaron shago Allah ya kawo kasuwa. Wassalam.